Ranar da Muka Sha Ruwa da Rana

Mahaifina ladan ne a wani ƙauye gefen Danchadi, kuma kafin in shiga tsakaninsa da aikinsa bai taɓa kuskure lokaci ba. Akwai turken da ya kafa a gaban masallaci. Da rana ta take tsaka sai ya fito ya auna inuwarsa da tafin ƙafa, ya ɗaga kai ya dubi sama, sannan ya kira. Da damina, ko hadari ya rufe rana, yakan gane faɗuwarta daga shigar kaji akurki da dawowar balbela.

Ni kuwa lokacin ina ɗinki a kasuwar Boɗinga. Farar hula sun karɓi mulki, 'yan siyasa na ta ɗinka manyan riguna, kaina ya kumbura. Na sayo masa agogon zamani, irin marar hannaye, mai nuna lambobi kawai. Na ɗaura masa da kaina, ina ta zuba bayani sai ka ce ni na ƙera shi.

"Wanga abu shi za ya hwaɗa mini rana ta hwaɗi?" in ji shi. "Shi da bai taɓa ganin rana ba?"

Don kada ya kunyata ni ya bar shi a hannu. Da farko sai ya auna inuwa sannan ya duba agogo, ya yi masa dariya. Daga baya aka liƙa takardar lokutan salla daga Sakkwato a bangon masallaci, ya koma duba agogo da takarda, inuwa kuma sai in ya tuna. Shekara ba ta zagayo ba na tarar an ɗaure akuya a turken nan. Na ji daɗi ma, wai na wayar da tsoho.

Sai tsanani ya shigo. Sabulu, madara, batir, duk suka ɓace a kasuwa, masu manyan riguna suka daina zuwa. Cikin azumi lambobin agogon suka dushe, aka aiko mini da shi. Da ƙyar na samu tsohon batir wurin mai gyara. Da aka sa, ya koma ƙarfe goma sha biyu, sai an saita. Rediyona ta kwana biyu ba batir, agogunan mai gyara kuma kowanne da abin da yake faɗa. Ina sauri mota za ta tashi. Na leƙa sama na yi kirdado na saita, ni da ban taɓa auna inuwa ba a rayuwata. Na kai masa ban gaya masa da kirdado aka saita ba.

Ran nan da yamma hadari ya haɗu baƙi ƙirin. Ina zaune a zaure na ga ya duba hannunsa, ya duba takarda, ya juya gabas ya kira magariba. Gari duka aka kai kunu baki. Ban ajiye ludayi ba hadarin ya tsage ta yamma, ga rana ja zur a saman gero. Wata mata ta yi salati a bayan danga. Har yau ina jin muryarta.

Liman ya ce kowa zai rama azumin ranar. Bayan salla dattawa suka zo da lafazi mai daɗi, wai Malam ya manyanta, a samo mai taimaka masa. Kowa ya san ma'anar taimakon. Ina wurin ina jin su, don tsoro da kunya na bar laifin a kansa.

Da suka tafi ya kwance agogon ya miƙo mini.

"Ba shi da laihi," ya ce. "Kaji na nan gabana suna tono. Ni na ban duba ba."

Bai sake kiran salla ba har Allah ya karɓi abinsa. Yakan zauna a ƙofar gida da la'asar yana kallon inuwar danga, ba mai tambayarsa ko lokaci ya yi.

Yanzu waya ce ke kiran salla a aljihuna. A masallacin unguwarmu ladan kansa a sunkuye yake kan waya har lambar lokaci ta cika, liman na huɗuba rabin sahu na latse-latse, kuma ba na iya yi wa kowa faɗa. Azumin ranar nan na rama shi tun a shekarar, kwana ɗaya ne tak. Amma tsohon nan ya shiga kabari yana zaton shi kaɗai ya karya wa gari azumi, ban taɓa gaya masa wanda ya saita agogon ba.