Awon Ƙugu a Takardar Magani

Anti Mai Ɗinki ba ta taɓa sayen littafin awo ba. Shekara shida tana shan ƙwayar tazarar haihuwa, kuma duk kwalin da ta buɗe sai ta zare doguwar takardar gargaɗin nan ta ciki, ta bi gefe-gefenta tana rubuta awon matan da ke kawo ɗinki. Ko layi ɗaya ba ta taɓa karantawa ba.

Ranar da ƙafarta ta kumbura har ta kasa taka keke, likita ya ce jini ne ya daskare a jijiya, kuma bai kamata mai hawan jini irinta ta sha wannan ƙwaya ba. Mai kemis kuwa bai taɓa tambayarta komai ba.

Ƙaninta ya kai ta wurin lauya. Lauya ya ce ana iya kai ƙara, amma sai da shaida. Ta dire masa leda cike da takardun.

"Madalla, Anti! Duk kotu za mu miƙa wa."

Ta fizge ledarta. "Haba Barista! Ƙugun matan unguwa kaf a gaban alƙali? Kumburin ƙafa na tsallake. Wannan in ya fita, ba likitan da zai cece ni."