Kawu Arzika da Hom Tiyatar Aurena

Duk wanda ya san Kawu Arzika ya san yatsansa na tsakiya, wanda gaɓarsa ta yi kanta saboda ƙwanƙwasa. Ba ya sayen abu, ba ya ko zama a kan abu, sai ya ƙwanƙwasa shi ya kara kunne. Kankana ce, tankin babur ne, bencin gidan suna ne, duk ɗaya. Mu yaran gida ma ba mu tsira ba. Kana durƙusawa gaisuwa za ka ji ƙwas a tsakar ka, ya karkata wuya yana saurare, sannan ya yanke hukunci: "Wanga akwai abu ciki." Ni kuwa Balki, ɗiyar ƙanwarsa, kullum hukuncina ɗaya ne: "Hwanko! A ƙara mata tuwo." Har na yi aure ban taɓa cin jarrabawar nan ba.

Kun tuna ranar da za mu biki tsallaken gulbi? Kowa ya shiga jirgi, mata da kwanonin gara, shi kuwa Kawu ya tsuguna a bakin ruwa yana ƙwanƙwasa katakon jirgin. Can ya miƙe ya dubi mai jirgi.

"Jirginka mura shika yi."

Mai jirgi ya riƙe baki. "Baba, jirgi ka mura?"

"Ka saurara mana. Muryarshi ta toshe. Ni ba ni shiga."

Aka yi lallashi, aka yi magiya, ina! Ya ɗauki ɗan acaba ya zagaya ta gada, tafiyar da ta cinye masa yini. Ya iso gidan biki an gama ɗaurin aure, an suɗe tukwane, ƙura har cikin gemu. Muka tare shi da dariya, muka ce, "Kawu, ga shi mun ƙetare lafiya lau."

Ya ce, "To don mi kunka ƙetare lahiya? Don ban shiga ba na! Nauyina kaɗai yar rage shi nutse. Ko godiya ba ku yi mani ba."

Wannan shi ne mutumin da ya ɗauki alkawarin saya mini kayan sauti lokacin aurena. Babanmu ya rasu tun ina goye, Kawu ne ya riƙe mu a Lafagu tare da Innarmu. Da aka sa ranata da Nasiru na Bahindi, sai ya tara dangi ya ce gado da kujeru kowa ya kama abin da zai iya, amma abin da zai yi magana a ɗakin ɗiyarsa, shi zai zaɓa. A lokacin duk amaryar da aka yi wa jere ba hom tiyata, to matan unguwa sun sami abin tattaunawa har shekara ta zagayo. Kawu ya ce ba za a leƙa ɗakin marainiya a taɓe baki ba, yana raye. Ya sayar da shinkafarsa ta fadama, ya ƙulle kuɗin a lalita, muka yi ta murna. Ba mu san abin da ke gabanmu ba.

Matsalar ita ce Duna. Ƙananan cikinku ba su san Duna ba. Wani baƙin bijimi ne da Kawu ya yi huɗa da shi shekaru, yana ƙaunarsa kamar ɗan cikinsa. Kafin tsufa ya kashe san nan, Kawu ya kai rikoda turke ya ɗauki kukansa a kaset. Tun daga nan, duk rediyo ko lasifikar da aka kawo masa ya duba, da kukan Duna yake aunawa. Da aka daina yayin kaset, yayana Lawali ya juye masa kukan a memori. Kawu ya daɗe yana juya ɗan abin a tafin hannu, ya ce, "Sa awa Duna, cikin abin da bai kai akaihwa ba? Allah dai shi sa ba ku matse shi ba."

Da wannan memorin ya bi shagunan Bagudo ɗaya bayan ɗaya, Yaya Lawali na jan sa a babur. Ko'ina ya je, a sa masa Duna, ya runtse ido, ya girgiza kai: "Ba ta da ciki." Masu shaguna suka gane shi, da sun hango babur sai su ce yau ba wuta. Jere ya matso, an kai gado, an kai kwalla, gurbin hom tiyata na nan fayau. Inna ta daina barci. Ni kuwa na shiga ɗaki na ci kuka, na ce ko ƙaramar rediyo ce a saya mini a huta. Kawu ya leƙo ya ce, "Share hawayenki. Gobe Sagbana muka kwana."

Abin da ya faru a tsallaken iyaka, daga bakin Yaya Lawali na ji, yana nan da ransa, ku tambaye shi. Suka bi ta Tsamiya suka shiga Benin, suka sami shagon wani Alhaji Isufu, cikin Dandawan can, shagon na kallon kara inda ake cinikin shanu. Alhaji ya ga baƙi daga Najeriya, ya jona wata hom tiyata mai walƙiya, ya ƙure kiɗa har kwanon rufi na rawa. Kawu ya toshe kunne.

"Kashe, kashe! Kiɗi ɓoye aibi shika yi. Sa muna wanga."

Aka sa memori. Alhaji Isufu yana jiran waƙa, sai ya ji sa ya yi kuka. Ya dubi Lawali, Lawali ya dubi ƙasa.

Kawu ya ce, "Wagga ta maida mani Duna ɗan akuya. Kawo wata."

Aka kawo ta biyu. Wannan tana da gurnani, amma tana kaiwa ƙasa sai akwatin ya kama karkarwa. Kawu ya ce, "Ciki gare ta, amma cikin mai zawo." Alhaji ya fara gumi. Ya shiga ƙurya ya jawo wani kwali, ya ce wannan kam komai a haɗe yake, tana cin faifai, tana cin memori, tana kama rediyo, waya ma tana yi mata magana ba tare da igiya ba. Aka fito da babban akwati guda mai nauyi da ƙananan lasifika biyar. Kawu ya zagaya su ya ce, "Uwa da ɗiyanta ke nan." Ya ƙwanƙwasa uwar, ya ji katako ne ba roba ba, ya ɗan gyaɗa kai. Aka jona.

Lawali ya ce wallahi shi kansa sai da ya ja da baya. Kukan ya taso daga ƙasa, ya bi ta tafin ƙafa, ya cika shagon. Kafin ya sauka, wata saniya a kara ta amsa, wata ta karɓa, kan ka ce me rabin kara ya ɗauka. Wani Bafulatani ya leƙo da sandarsa a kafaɗa yana tambaya ko san na sayarwa ne. Kawu bai ko ji shi ba. Yana tsaye, hannu a ƙirji, idonsa ya kawo ruwa. A hankali ya ce, "Ga shi nan. Har ɗan kakin da shika yi in ya gama."

Kada ku ɗauka shi ke nan. Ya sa aka rage sauti ƙasa-ƙasa ya ji ko za ta shaƙe, bai same ta da laifi ba. Ya sa aka kama labaran rediyo, ya ce mai karatun ya fito da haƙoransa duka. Fitilun gabanta ne kawai bai so ba, ya ce ɗakin aure ba motar talla ba ne, a nemo salatif a rufe. Da ya buɗe takardar bayani ya ga duk Faransanci ce, sai ya tsaya.

"Alhaji, ba dai Hwaransanci za ta riƙa yi wa ɗiyata ba?"

Alhaji Isufu ya ce, "A'a, Baba. Abin da ka ba ta, shi za ta faɗa. Ba ta ƙari, ba ta ragi."

Kawu ya ce, "To ta hi mutane da yawa. Ɗaure muna."

A hanyar dawowa ya ƙi yarda a ɗaure uwar a bayan babur. Rungume ta ya yi a cinya kamar jinjira, duk ramin da suka faɗa sai ya ce mata sannu, Lawali kuma ya sha rankwashi.

Ranar jere a Bahindi, kun san maza ba sa shiga. Kawu ya ce shi ba namiji ba ne yau, injiniya ne. Ya shiga da Lawali tun mata ba su gama kafa labule ba. Lawali ya bi zanen da ke cikin takarda, ya ajiye lasifika uku a gaba, ya ja waya ya kai biyu bayan kujera. Kawu ya ce, "Waɗanga biyu mi sunka yi anka kore su?"

"Kawu, haka ake yi. Amfaninta ke nan, sauti ya zagaye mutum, ka ji ta gaba ka ji ta baya."

"Ta baya? A gidanmu ba a magana bayan mutum. Mai magana shi zo gaba, a ga idonshi."

Lawali ya ce ya dai zauna ya gwada sau ɗaya. Aka tada janareta, aka zaunar da Kawu a tsakiyar sabuwar kujera, Lawali ya sa wani fim. Lokacin kaka ne, ruwa ya daɗe da ɗaukewa, uwar mijina Inna Hajo ta baza shinkafar da ta turara a tsakar gida tana shanya, abincin biki ke nan gaba ɗaya. Ana cikin kallo sai hadari ya haɗu a fim ɗin. Tsawa ta fashe ta bayan kunnen Kawu na hagu, yayyafi ya fara sauka a kwano ta dama. Kawu ya yi zumbur, ya bar takalmi, ya fita a guje yana ihu.

"Ruwa! Jama'a, ruwa! Ku kwashe shanya!"

Mata suka watse daga jere. Wannan ta ɗauki tsintsiya, waccan ta ja tabarma, Inna Hajo da tsufanta tana tura shinkafa a buhu da hannu biyu tana salati. Kawu da kansa ya cire babbar riga ya rufe wani tsibi. Sai da aka kwashe fiye da rabi wata ta ɗaga kai. Rana tsaka, sama wasai, ko gajimare ɗaya babu.

Mata suka juyo suna kallon Kawu. Gidan surukai ne fa, ranar farko! Innarmu ta ce ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige. Kawu ya dubi sama, ya dubi buhuna, ya ɗauki rigarsa ya kakkaɓe, ya koma ɗaki da natsuwa kamar liman. Ya nuna lasifikan nan biyu ya ce wa Lawali, "Ka gani? Mi nic ce maka? Duk mai magana bayanka, ƙarya shika yi."

Inna Hajo ce ta fara fashewa. Ta zauna a kan buhu tana dariya har da hawaye, sauran mata suka kama. Tun daga ranar ta sa masa suna Malam Hadari, shi kuma ya karɓa, duk zuwansa sai ta aika masa da fura. Lasifikan kuwa, da hannunsa ya kwaso su ya jera su biyar reras a gaba, kafaɗa da kafaɗa kamar sahun salla. Nasiru ya sha cewa mu mayar da biyun baya, tunda don haka aka yi su. Mukan mayar, amma da mun ji tsayuwar babur ɗin Kawu a ƙofar gida, sai ka ga miji da mata suna rige-rigen naɗe waya.

A shekarunsa na ƙarshe jinsa ya yi rauni. Mutumin da ya yi rayuwarsa da kunne, sai ga shi ana yi masa magana yana kallon leɓe. Bai taɓa yarda ba. Cewa yake mutanen zamani ne suka koyi magana ciki-ciki don rowa. Amma ranar Juma'a in ya sauko masallaci, yakan sa a kawo shi wurina. Ba ya hawa kujera. Ƙasa yake zama kusa da babban akwatin, ya ce in sa masa karatun Alƙur'ani, ya ɗora tafin hannunsa a jikin katakon, ya rufe ido. Leɓensa na motsi, yana bin mai karatu, kuma ba ya kuskure wurin tsayawa.

Zuwansa na ƙarshe na durƙusa kusa da kunnensa na ɗaga murya na ce, "Kawu, in ƙara maka?"

Ya buɗe ido ya yi murmushi. "A'a, Balki, rage ma. Maƙwabciyarki na da jinjiri. Ni hannuna ya ishe ni."

Na rage. Ya zauna har surar ta ƙare, ya shafa addu'a, ya shafa kaina, aka ɗora shi a babur. Bayan Sallar layya ya kwanta, bai tashi ba.

Allah ya jiƙan Kawu Arzika, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa makwancinsa. Yadda ya tsaya wa marayu har ba su san maraici ba, Allah ya tsaya masa. Ya buɗe masa kunnuwansa a Aljanna, ya jiyar da shi sallamar mala'iku. Amin.