Kurɓi Na Biyu

A gidanmu na kusa da Illo, wutar da Kaka take hurawa bayan magariba ba ta girki ba ce, ta korar sauro ce. Takan zuba ƙaiƙayin shinkafa a kan garwashi cikin wani fasasshen kasko, hayaƙi ya tashi fari, ni da ƙanena Bashiru mu matso kusa da ita idanunmu na yaji. Kaka ita ce mahaifiyar Baba. A ƙetaren iyaka aka haife ta, ƙasar da har ta rasu ba ta daina kiranta Dahome ba. In za ta fara tatsuniya takan ce, "Ga ta nan, ta sauko bakin ruwa." Mu kuma mu ce ta hau tudu mu gan ta.

Akwai wani maraice da ban manta ba. Ina ɗan shekara goma ko kusa da haka. Kwana uku kafin nan, Kaka tana cikin shan koko da safe ta ajiye ludayi ta ce a kai ta garinsu. Ba a yi rasuwa a can ba, ba a yi haihuwa ba. Baba ya ce shinkafa ta nuna, tsuntsaye sun sauka a fadama, ta bari sai bayan girbi. Ba ta sake tada maganar ba. Amma tun daga ranar gidan ya yi nauyi, har mu yara muka rage gudu a tsakar gida. A maraicen da nake faɗa, Baba ya zauna a bakin ƙofa yana gyaran ƙotar lauje, inda zai iya jin komai. Bai taɓa zama a wurin lokacin tatsuniya ba.

Kaka ta ce an yi wani masunci da tsohuwarsa makauniya. Tsohuwar nan akwai ta da marmari. Yau ta ce tsamiya take so, kafin ya kawo ta manta. Gobe ta ce fara, in ya ba ta gyaɗa ta karɓa ta ci abinta. Wata rana da tsakar rana ta ce tana son ruwan rijiyar gidan da aka haife ta, a wancan ƙetaren kogi. Kogi kuwa ya cika ya batse. Sai masunci ya ɗauki ƙwarya ya zagaya bayan gida, ya ɗebi ruwan randar maƙwabta, ya zauna gindin kuka har la'asar. Ya jiƙa wandonsa, ya shigo yana haki. Tsohuwa ta karɓa, ta kurɓa sau ɗaya, ta sa masa albarka, ta ajiye ƙwaryar. Washegari ta sake roƙo, ya sake yi mata haka. Ta kurɓa sau ɗaya, ta sa albarka, ta ajiye.

Bashiru ya tambaya ko ta gane. Kaka ta tura ƙaiƙayi cikin wuta da tsinke. A bakin ƙofa, ƙarar wuƙar Baba a jikin itace ta tsaya.

"Ɗan nema, uwa ce hwa," in ji Kaka. "Marmarin baki, in ka ba shi wani abu shina karɓa. Wanga marmari nata bai karɓa ba. Kunyar ɗanta taka ji, shi ya sa ta kurɓa."

Ta ce a rana ta uku masunci ya lura da ƙwaryar a cike. Ya shiga jirgi ya haye da gaske, ya ɗebo ruwan. Da ya dawo ya tarar da takalman masu gaisuwar rasuwa a ƙofar gida. Nan Kaka ta ce ta naɗe tabarmarta, tatsuniya ta ƙare, ba ta ko yi mana waƙar da takan rufe da ita ba.

Da safe Baba ya ɗaura matashi a bayan kekensa. Ya bar shinkafa ga tsuntsaye ya kai Kaka garinsu. Bayan sati biyu ta rasu a can, can aka rufe ta.

Shekaru sun wuce. Ni ban wuce sakandare ba, gyaran babur nake yi a Bagudo. Bashiru ya yi karatu mai zurfi, yana aikin ofis a Birnin Kebbi. Bara, da ciwon zuciya ya kwantar da Baba, na ɗauko shi ya dawo wurina. Likita ya ce a kiyaye masa jijjiga da doguwar tafiya. Ana nan, wata ranar Talata ina yanke masa farce, ya ce in kai shi garin mahaifiyarsa, yana son ya sha ruwan can.

Na kira Bashiru. Shi ne mai kula da maganin Baba, kuma yana sonsa yadda nake sonsa, wannan ba zan ɓoye ba. Ya ce kada in kuskura. Ya tuna min maganar likita da halin da hanya take ciki bayan damina. Sannan ya faɗi wata kalmar Turanci, ya ce abin nan "whim" ne kawai, in lallashe shi, zuwa jibi zai manta. Ban san kalmar ba, na kuma ji kunyar tambaya. Amma na ji yadda ta rufe maganar kamar an sa sakata.

Malam Isa, mai koyar da Turanci da nake gyara wa babur, shi na tambaya. Ya ce Turawa suna faɗinta ga sha'awar da ta faɗo wa mutum farat ɗaya ba dalili, irin wadda in an ƙyale ta takan wuce da kanta. Ya ce in mutum ya tashi ya yi abu ba shiri, sukan ce ya yi shi a kanta, kamar wata dabba ce da ya hau ta gudu da shi. Ya ƙara da cewa ba kasafai mai sha'awar yake kiran tasa da wannan suna ba alhali yana cikinta. Na gefe ne yake sa mata, ko shi kansa bayan ta sake shi.

Na koma gida da niyyar bin maganar Bashiru. Na samo ruwan rijiya mai sanyi daga wata unguwa, na zuba a kwanon sha, na ce wani direba ne ya taho da shi daga ƙetare. Ina faɗa ina kallon ƙasa. Baba ya karɓa da hannu biyu. Ya kurɓa.

"Allah shi yi ma albarka, Sani."

Ya ajiye kwanon a gefen tabarma. Na tsaya ina jira ya sake ɗauka. Bai ɗauka ba. Ya juya fuskarsa wajen bango. Shi ma yana wurin ranar da aka yi tatsuniyar, kuma ya san ina wurin.

Ban sake kiran Bashiru ba. Da hantsi na sa Baba a mota zuwa Illo, daga nan muka hau babur, na ɗaure shi a bayana da rawaninsa. Duk ramin da muka faɗa sai na ji numfashinsa ya tsaya a wuyana, in rage gudu, in kira shi, sai ya ce, "Tahi." Sau biyu na so in juya. A garin muka tarar an rufe tsohuwar rijiyar gidan su Kaka da siminti, an kafa famfo a kanta. Wata mata ta buga mana ruwa a kwano ba ta tambaye mu ko mu su wane ne ba.

Kwana biyar da dawowarmu Baba ya rasu. Bashiru ya zo jana'iza, muka karɓi gaisuwa kafaɗa da kafaɗa. Da mutane suka watse ya ce min, ba da faɗa ba, tafiyar nan ce ta ƙarasa shi, kuma a kan abin da da ya wuce da kansa. Tun daga ranar gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Mai yiwuwa yana da gaskiya. Ni ba likita ba ne, kuma akwai ranakun da nake tashi da wannan tunani ya danne ni.

Na sha juya kalmar nan tasa a raina. Kalma ce mai amfani, don akwai sha'awar da ta cancance ta, ni ma na sha hawa irinta na sayi abin da ba na buƙata. Sai dai ba a iya tabbatar da ita sai an jira an ga ko abin zai wuce, kuma Baba ba shi da kwanakin jiran. Kaka ba ta ba mu kalma ba. Ta koya mana mu kalli ƙwarya.

Akwai abin da ban faɗa wa Bashiru ba tukuna, don ban san ko zai ji shi yadda na gan shi ba. A gindin famfon nan na ƙirga. Baba ya kurɓa, ya tsaya ya huta. Sannan ya sake ɗaga kwanon.