Keken Kailu da Ajiyar Taubashiya

A shekara ta 1946 Nasara suka soke aikin tilas. Kafin wannan shekara, duk wanda aka kama a ƙasar Kurfai don gyaran hanyar mota, ladansa bai wuce a sake shi ya koma gida da ransa ba. Daga nan sai aka fara ɗaukar leburori da biya, wata-wata. Cikin waɗanda aka ɗauka a Filinge akwai Kailu, mutumin Tabla, dogo, siriri, mai yawan shiru. Ya daɗe yana cika ramukan hanyar Yamai kyauta, saboda haka ranar da aka fara zuba masa kuɗi a tafin hannu sai ya tsaya yana jiran a ce ya mayar.

Ba a ce ya mayar ba. A kan hanyarsa ta komawa gida kuwa ya ci karo da abin da ya shiga ransa ya zauna. Tafintan kumandan, wato Baturen mulki, shi ne ya wuce bisa keke, babbar rigarsa tana tashi a bayansa. Gaskiya ne da tafinta ya shiga rairayin bayan kasuwa sai ya sauka ya tura, amma Kailu ya riga ya kau da kai kafin nan. Ya isa gida ya ce wa matarsa Haske shi ma zai yi keke.

Ya tsara abinsa tsaf. Kowane ƙarshen wata zai raba albashi uku: kashi ɗaya na tukunya, kashi ɗaya na lanho, wato haraji, da sauran lalura, na ukun kuwa ko ana mutuwa ba a taɓa shi. Don kada zuciya ta karaya, sai ya riƙa raɗa wa kowane wata sunan wani sashe na keken. Abokan aikinsa suka gane, suka mai da abin gaisuwa.

"Kailu, mi muka saya watan ga?"

"Ƙahwar gaba," in ji shi, ba tare da ya ɗaga kai daga shebur ba.

"To madalla. Ka ba mu aro mu garo ta zuwa Damana."

Tara kuɗin bai ba shi wahala ba kamar samun inda zai ajiye su. Da fari ya zuba su a ɗan gora, ya tura ƙarƙashin damman gero a rumbu. Bayan damina ya ciro gora, ya tarar gara ta shiga ta cinye takardun, ta bar masa 'yan tamma-tamma na ƙarfe. Ya gaya wa abokan aiki cewa gara ta ci sirdi da sarƙa.

Sai ya koma ga awaki. Akuya tana haihuwa, gara kuma ba ta cin ta. Abin da bai lissafa ba shi ne akuya tana kuka, kowa yana ji. Ba a jima ba dangi na Tabla suka san Kailu ya yi dabbobi. Wannan matarsa ta haihu, wancan an yi masa baƙi, wani kuma ya zo gaisuwa kawai amma da igiya a aljihu. Kailu mutum ne mai kunya, bakinsa bai iya cewa a'a ba. Ragowar da dangi suka bari, masu ƙidayar jangali suka rubuta su.

Akawun gidan waya ya ba shi shawara ya kawo kuɗinsa kes, wato asusun ajiya na gwamnati, inda har ɗan riba ake ƙarawa. Kailu ya saurara cikin ladabi, ya yi godiya, ya fita. A ganinsa, mutanen da suka shekara da shekaru suna cin ƙarfinsa kyauta, yanzu kuma suka fara biya, ba hikima ba ce ya mayar musu da kuɗin da hannunsa, kada su tuna.

Haske ce ta kawo sunan Safi. Safi ɗiyar kawunsa Tahiru ce, wato taubashiyarsa, tana sayar da man gyaɗa a kasuwar Lahadi, mijinta Alhassan kuwa ɗan ci-rani ne mai zuwa Kumasi. Duk Filinge an san abin da ya shiga hannun Safi ba ya fita da roƙo. An kuma san cewa tun suna yara ba ta taɓa barin Kailu ya gama magana ba ta murɗe masa ita ba. Shi ɗan mace ne, ita ɗiyar namiji, don haka bisa al'adar taubasantaka bawanta ne, kuma ba ta yarda ya manta ba. Sai dai taubashi yana iya cinye maka tuwo, ya ɓoye maka takalmi, ya kunyata ka gaban surukai, amma ba ya cin amana.

Kailu ya je gidanta ya same ta tana matsar tunkuza. Tun a hanya ya ƙudura cewa ba zai ba ta kalma fiye da ɗaya ba, domin kowace kalma ya bayar, sanda ce ya miƙa mata.

"Bawana ya zo," in ji Safi. "Hala yunwa ta koro ka?"

Ya ajiye ƙullin kuɗi a gefen turmi. "Ajiya ce, uwargijiya. Kowane wata zan kawo."

"Ta mi?"

"Keke."

"Keke kawai?"

"Keke," in ji Kailu, ya miƙe kafin ta sami abin kamawa.

Haka aka yi ta yi har shekaru suka juya. Ƙarshen wata ya kai, ta karɓa, ta zage shi, ya tafi. Dangi in sun zo roƙo sai ya ce kuɗi suna hannun Safi, su je can. Mutum guda ne ya gwada zuwa, ya kuma dawo da kwalbar man gyaɗa da aka tilasta masa ya saya. Ko shi Kailu, da wani watan ciwon ido ya kama shi ya je neman kaɗan daga ciki, ta ce ya wanke idon da ruwan kanwa, ta ba shi kuɗin magani daga nata, ta kuma shekara tana yi masa gori.

Da kuɗi suka cika, Safi ta damƙa wa Alhassan da zai tafi Kumasi. Kailu ya share gefen zaure, ya kafa turke biyu na jingina. Gab da damina aka aiko cewa motar Yamai ta sauke kaya a gidan Alhassan. Ya sa rigarsa ta Juma'a ya tafi, abokan aiki na biye, kawu Tahiru ma an ɗauko shi ya sa albarka.

Akwatin katako ne aka ajiye a tsakar gida. Kailu ya zagaya shi, ya ga kamar ya yi gajarta.

"A kwance yake zuwa," in ji Alhassan, yana kallon wani wuri. "Sai an haɗa."

Aka ɓalle ƙusoshi. Aka fito da ƙafafun ƙarfe, da wani faifan takawa, da teburi, sannan da baƙin kai mai zanen ruwan zinariya. Keken ɗinki ne, sabo ful. Sai wani daga cikin leburori ya juya baya yana danne dariya.

"Safi," in ji Kailu a hankali, "mine ne wanga?"

"Abin da ka ce."

"Na hawa nike nuhi, kin kuwa sani."

"Ni ban shiga zuciyarka ba. Na tambaye ka, keke kawai? Ka ce keke. Kawai ɗin ma ka hana ni." Ta dafa teburin. "Duba nan. Ga ƙahwa mai juyawa. Ga wurin takawa. Zama akai bisa kujera, a yi ta taka shi har a gaji. Ƙayar tsaida ba ta huda shi, rairayi ba ya riƙe shi, kuma in ka hwaɗi daga kansa ba ka karyewa. Kai da ko jaki sai an riƙe maka."

Kailu ya juya wurin kawunsa. Tsoho ya matso da sandarsa, ya ƙwanƙwasa ƙarfen, ya tambayi Alhassan yadda ake kiran wannan abu a Kumasi da Yamai da Birnin Ƙonni. Alhassan ya ce keke. Tsoho ya tambayi jama'a ko akwai wanda ya san shi da wani suna. Ba wanda ya sani.

"To, ɗana, keke ne," in ji kawu Tahiru. "Kuma ba a kai taubashi gaban alƙali. Allah ya sa albarka."

Aka ɗora wa Kailu kan keken, leburori suka ɗauki ƙafafu, aka ratsa gari. Ya ajiye shi tsakanin turakun nan biyu, ya lulluɓe da tabarma. Ya nemi mai saye, amma wanda ya taya ya san an matsu, ya taya da wulakanci, Kailu kuwa ya tuna da gumin da ya zuba, ya ƙi. Bayan damina aka rage leburorin hanya, sunansa yana cikin waɗanda aka sallama. Ya yi kwanaki yana zaune a zaure shi da tabarma suna kallon juna. Daga bisani ya je wurin wani tsohon maɗinki mai suna Albarka, wanda ya taɓa aiki da irinsa a Yamai, suka shirya: Albarka ya yi ɗinkinsa a kai, shi kuma ya koya masa. Ya karya allurai, ya ɗinke bakin wando, ya huda yatsa, har ƙafarsa ta koyi tafiya daidai da hannunsa.

Ana gab da Sallah ƙarama, Safi ta shigo zauren da turmin atamfa mai tsada wadda Alhassan ya kawo mata. Ta jefa a kan teburi.

"Bawana, ɗumka riga. Kada ka ɓata mini kaya."

"Riga kawai?" in ji Kailu.

"Riga," ta ce, ta fice.

Safi mace ce mai jiki, Haske kuwa 'yar firit. Ranar Sallah da hantsi Kailu ya je gidan Safi barka da shan ruwa, Haske na bayansa cikin sabuwar riga wadda ta zauna mata kamar a jikinta aka saƙa, har da ɗankwali. Safi ta dubi atamfar, ta dubi Haske, ta dubi Kailu.

"Kin ce in ɗumka riga," in ji shi. "Ga riga. Ba ki ce ta wa ba."

Safi ta jawo Haske ta juya ta, ta ja ɗinkin hammata da ƙarfi don ta ga ko zai ɓalle, bai ɓalle ba. Ta ce aikin banza ne, amma wuyan ya yi kyau. Kafin la'asar matan unguwa sun san wanda ya ɗinka wuyan, Safi ce kuma ta gaya musu, tana zaginsa. Kafin Sallar layya Kailu ya kafa rumfa a kasuwa.

Kailu ya rasu da tsufansa, Safi ta bi shi ba da jimawa ba. Rumfar tana nan a layin teloli na kasuwar Filinge, jikansa Ibrah ne yake riƙe da ita, da kekuna uku da yaran aiki. Jikokin Safi suna kawo ɗinki ba sa biya, Ibrah kuma ba ya sa almakashi a kayansu sai sun faɗi sunan mai rigar a gaban shaida.