Labaran Mai Cire Iska

A Tudun Wada, shekarun da Naira ta fara faɗuwa, akwai wani mai gyaran firiji a bakin tasha, sunansa Labaran. Siriri ne, marar yawan magana. A Sabon Garin Kano ya koyi aikin, ya dawo gida saboda tsohuwarsa. Duk firijin da ya mutu murus, daga Kiru har Doguwa, rumfarsa ake kawo shi kafin 'yan gwangwan su saye.

Su 'yan gwangwan da gatari suke zuwa. Su sari bututun tagulla, iskar sanyin ta fice fuuu, shi ke nan. Labaran ba ya iya kallon wannan asara, don iskar nan sai an je Kano ake samunta, kullum kuma ƙara tsada take. Sai ya ce su dakata. Ya ɗaura tiyo a bututun, ya tayar da wani tsohon injin firiji da ya mayar famfo, ya zuƙe iskar zuwa cikin tulun ƙarfe da yake tsomawa a bahon ruwa don kada ya yi zafi. Sai allurar gejinsa ta kwanta zai ce, "To, ku sara."

Da wannan iskar yake raya wasu firijin. Direbobi suka laƙaba masa Labaran Mai Cire Iska, sunan ya hau mota ya shiga ƙauyuka.

Wata ranar kasuwa yana tsugune gaban baho, sai ga wata dattijuwar Bafulatana, Inna Hauwa, goye da yarinya 'yar shekara biyar. Tun asuba ta taso daga rugarsu a bayan Doguwa. Ta gaishe shi, ta kwance goyon ta shimfiɗe kan bencinsa.

"Ɗana, kai ne mai cire iska? Jikata ce, Turai. Kwana biyu ke nan iska yana buge ta, sai ta sandare, ido ya juye. An ce kana kama shi ka rufe a tulu." Ta nuna tulun ƙarfen da haɓa, ta ɗan ja baya.

Wani ɗan gwangwan, Rufa'i, ya tuntsire da dariya. "Malam Labaran, kawo tiyo mana!"

Labaran bai ko dube shi ba. Ya taɓa goshin yarinyar, ya ji shi da zafi rau kamar injin da ya wuni yana aiki.

"Inna, iskar firiji nake cirewa, ba ta mutane ba. Wannan zazzaɓi ne. Asibiti za mu."

"Ba asibiti na zo ba, wurinka na zo." Ta fara gyara zane za ta mayar da goyon.

Ya gane in ta juya, ba za ta tsaya ko'ina ba sai ruga. Ya kashe famfon tun aikin bai ƙare ba, ya ce, "To, ni zan kai ku da kaina, kuma ba zan bar wurin ba sai ta buɗe ido. Rufa'i, in ka taɓa firijin nan, ni da kai ne."

Ta dube shi, ta dubi Turai, sannan ta hau bayan babur ɗinsa. Malamin asibitin, Jibrin, ya san shi, don shi ke gyara musu firijin magani. Nan take aka yi wa yarinyar allura, aka sa mata ruwa. Labaran yana tsaye bakin ƙofa har la'asar, sai ya ji ƙaramar murya tana neman fura.

Tun daga ranar, duk kasuwa Inna Hauwa na kawo masa kindirmo, ta kuma ajiye ƙwaryarta a firijinsa ta yi sanyi. Kowa ta gani sai ta ce shi ya cire wa Turai iska.

"Allura ce, Inna," yake cewa.

"To, wa ya kai ta?"

Ta ci gaba da turo masa marasa lafiya daga rugage. Shi ya sa ya ɗaura katifar soso a bayan babur ɗin.