Ɗanɗanon Gishiri a Ƙurban

Muna idar da sallar asuba muka bar Jidda, ƙanena na tuƙi, Inna na kujerar baya. Tun rasuwar Baba ta daina cin abinci, sai ruwan shayi. Likita ya ce in aka ƙara mako a haka, kwantar da ita za a yi a sa mata roba ta hanci. Ita kuwa ziyarar Madina kawai take so, muka ce to.

Hanya a shimfiɗe, ba komai sai baƙaƙen duwatsu da raƙuma. A wani gidan mai muka sayi gurasa da wake na riyal biyu, da zafinsu. Inna ta kau da kai. Ƙanena ya cinye nata, wai kar a yi asara.

Gidan Gwaggo muka sauka a unguwar Ƙurban, cikin Madina. Washegari Ashura, mun dawo daga ziyara da la'asar sai ƙamshin kwakwa ya tare mu. Gwaggo ta ce maƙwabtanta ne Jawawa, mutanen Malesiya da kakanninsu suka zo Hajji suka zauna. Duk shekara kowane gida kan kawo abin da ya samu, shinkafa, wake, dankali, nama, a zuba a ƙatuwar tukunya ɗaya, mata su yi ta tuƙi karɓa-karɓa da muciya mai tsayin mutum.

Inna ta tsaya a ƙofarsu. "Ashe su ma suna cika-ciki?" in ji ta.

Matsalarsu ɗaya, kowa na azumi, ba mai ɗanɗana gishiri. Da Gwaggo ta ce Inna ba ta azumi, wata tsohuwarsu ta miƙo mata cokali: "Tafaddali ya Hajja, karɓi, ki taimake mu." Na ɗauka za ta ƙi, don na san halinta. Sai ta karɓa, ta lasa, ta ce bai ji ba. Aka ƙara, ta sake ɗanɗanawa. Ta ce a ɗebo mata na ƙasa, shi ma ta ji. Kafin magariba ta tashi da rabin kwano. Ni dai na juya baya na yi kukana, wallahi na daɗi ne.

A hanyar dawowa na gane kuskurenmu. Mun yi ta lallashinta kamar jaririya, ba wanda ya nemi ta yi masa komai. A gidan man nan ƙanena ya sake miƙa hannu ga gurasarta, ta buge shi.

"Kai, sayi taka," ta ce.