Malam Sharhabilu da Tsofaffin Kwamfutoci Ashirin da Huɗu

Ƙarfe bakwai saura kwata yake isa makaranta. A da bisa babur ɗinsa yake zuwa, yanzu kuwa ɗan acaɓa ne ke sauke shi a bakin ƙofa. Sai ya lalubo mukulli, ya buɗe ɗakin da ke ƙarshen baranda, ya tsaya shiru yana sauraron kukan inbata, na'urar da ke ba ɗakin wuta, don ya san ko baturan sola sun kwana lafiya. Daga nan ya nufi kusurwa, ya yi bisimilla, ya kunna babbar kwamfutar da ke cikin kejin ƙarfe. Idan ta gama tashi, sai ya bi layi yana shafa tebura, yana kunna ƙananan ɗaya bayan ɗaya har ashirin da huɗu. Shekara tara ke nan Malam Sharhabilu yana haka a wata sakandaren 'yan mata ta jeka-ka-dawo da ke tsakanin Jahun da Miga. Ƙarshen wannan zangon zai ajiye aiki, don idanunsa sun kusa rufewa.

A takarda shi ba malamin kwamfuta ba ne. Ma'aikacin ɗakin kimiyya ne, mai wanke kwalaben gwaji da jera kujeru. Abin da ya sani na lantarki, gyaran rediyon da ya koya ne yana saurayi. Da za a tambaye shi a lokacin, da ya ce ba ruwansa da kwamfuta.

'Yarsa ce ta jawo shi ciki. Ikilima sunanta, ita ce ta fari, kuma ita ke zuwa ta ɗaya a ajinsu tun daga aji ɗaya. Shekarar da aka mayar da jarrabawar shiga jami'a kan kwamfuta gaba ɗaya, shi da kansa ya raka ta Dutse, ya zauna a inuwa yana jira. Da ta fito, tun daga nesa ya ga tafiyarta ta sauya.

"Yaya dai, Ikilima? Tambayoyin ne suka yi tsauri?"

"A'a, Baba. Wallahi na san amsoshin. Abin nan da ake turawa da hannu ne ya ƙi ni. Ina tura shi nan, kibiyar tana tafiya can. Kafin in gane kansa lokaci ya kusa ƙarewa."

Ba ita kaɗai ba ce. Cikin 'yan mata talatin da ɗaya da makarantar ta tura, huɗu suka tsallake. Abin baƙin cikin, akwai kwamfutoci a makarantar. Wata ma'aikata ce ta ba da su kyauta bayan ta gama cin moriyarsu, aka jibge su a sito, aka kulle. Duk wanda ya duba sai ya ce rumbun ajiyarsu ya lalace, ba su da sauran amfani.

Malam Sharhabilu ya ɗaure guda a bayan babur ya kai wa Misbahu, wani mai gyaran kwamfuta a unguwar Yalwawa cikin Dutse. Misbahu ya buɗe, ya dudduba, ya ce, "Malam, waɗannan ba su mutu ba, tsufa ne. In ka samu guda ɗaya mai ƙarfi, a sa mata manhajar Linux, sai ta riƙa yin aikin a madadinsu duka. Su nasu kawai sikirin da kibod da maus. Ta waya za su riƙa tashi daga jikinta, ba sa buƙatar rumbu. Manhajar kuma ba ta kowa ba ce, ba a neman izinin wani kafin a sa ta."

"Ni zan iya?"

"In kana da haƙuri."

Haƙuri kuwa Allah ya ba shi. Shugabar makarantar, Hajiya Hauwa'u, ita ta ba da kwamfutar ofishinta, ta koma rubutu da biro. Har yau tana ba da labarin yadda ya shafe hutun ƙarshen shekara a ɗakin nan. Ya goge tsohuwar manhajar, ya sa sabuwa. Ya huda bango ya ja wayoyi zuwa kowane tebur. Umarnin da ake rubuta wa na'urar da Turanci ne, shi kuma Turancinsa bai taka kara ya karya ba, don haka Ikilima ke karanta masa daga wayar hannu, tana fassarawa, yana bugawa da yatsa ɗaya. Ita ce kuma ke jera masa launukan siraran wayoyi takwas kafin ya matse kan kowace igiya. Ta riga ta sake yin rajistar jarrabawar, tana jiran ranar da za ta zauna ta koyi abin da ya kayar da ita.

Sai aikin ya cije. Babbar ta tashi lafiya, amma ƙananan in an kunna su sai baƙin sikirin da 'yan fararen rubutu, suna neman uwarsu ba sa samu. Mako shida yana fama. Ya sake wayoyi, ya goge komai ya fara daga farko har sau uku. Kullum bayan la'asar Ikilima za ta tarye shi a zaure.

"Baba, sun tashi?"

"Saura kaɗan, 'yata. Gobe in Allah ya yarda."

Da zafi ya fara shigowa, wata safiya ta tashi da ciwon kai da zazzaɓi. Kafin azahar wuyanta ya sanƙare. Aka garzaya da ita asibiti, aka ce sanƙarau ne. Kwana biyu ta yi, Allah ya karɓi abarsa. Shekarunta goma sha takwas.

Hajiya Hauwa'u ta ce ta ɗauka ba zai ƙara taka ɗakin ba, kuma da ya bari ba wanda zai ga laifinsa. Amma ranar da ya dawo daga zaman makoki, can ya nufa. Ya zauna yana kallon wayoyi, ba don yana da wata dabara ba, don dai bai san inda zai sa kansa ba. Idonsa ya faɗa kan ɗan akwatin intanet da ke haɗe da sauran. Ya kira Misbahu ya ce, "Wannan ɗan abin, shi ma yana magana da su ne?" Misbahu ya ce, "Innalillahi. Malam, shi ma yana raba musu adireshi. Shi ke riga babbar amsawa, ya ɓatar da su. Zare shi ka gani."

Waya ɗaya ya zare. Ya kunna ta farko, ta tashi. Ya kunna ta biyu, ta tashi. Da Hajiya ta leƙo, ta tarar da sikirin ashirin da huɗu duk sun yi haske, shi kuma yana zaune a ƙasa, ya haɗa kai da gwiwa, kafaɗunsa suna rawa. Da ya ɗago, abin da ya ce mata kawai shi ne, "Hajiya, waya ɗaya ce fa. Waya ɗaya." Sai Hajiya ta ja ƙofa ta tsaya a waje don kada ɗalibai su shigo.

Kai ne, Malam, da gari ya waye ka share fuska, ka tara ƙawayen Ikilima, ka nuna wa kowace yadda ake riƙe maus. Kai ne ka buɗe wa kowace yarinya suna da lambar sirri, yadda duk teburin da ta zauna za ta tarar da aikinta. Kai ne ka zauna da malamai suna karanto tsofaffin tambayoyi kana shigarwa, har yara suka riƙa gwajin jarrabawa da agogo yana ƙirga musu lokaci. Uban 'ya'yan mutane, ba ka taɓa ɗaga murya don hannun wata ya yi rawa ba.

A shekarar, goma sha tara suka tsallake. Daga baya makarantun maƙwabta suka fara turo nasu ranar Asabar, bai taɓa mayar da kowa ba. Daminar da ruwa ya ci garuruwan wajen Miga, ruwa ya shigo makarantar da hantsi. Mutane sun gan shi ya ɗauko babbar kwamfutar a ka, naɗe cikin leda, ruwa har ƙirji, alhali nasa gidan ma yana cikin ruwa. Ƙananan bakwai suka lalace. Ya bi ofisoshi a Dutse yana roƙon tsofaffin da aka yasar har ya cike gurbinsu, kuma da yake komai yana cikin babbar, ko shafi ɗaya na aikin yara bai ɓace ba.

Shekara uku da suka wuce ya fara ganin gefen sikirin yana duhu. Likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma an makara. Bai yi ta kai ƙorafi ba. Ya kira Malama Adawiyya, wadda tana cikin 'yan matan da suka fara zama a ɗakin, yanzu kuma ta dawo tana koyar da lissafi. Ya sa ta sayi littafi, yana faɗa tana rubuta kowane mataki da Hausa. Da suka gama, ya ce ta kwashe ajiyar yara gefe, ta goge babbar tas, ta ɗora komai daga farko.

"Malam, in na ɓata fa?"

"Gara ki ɓata ina raye, ina kusa. Fara."

Kwana huɗu ta yi. Yana zaune a gefenta, ba ya ganin abin da take bugawa, sai ta karanto masa saƙon da ya fito, shi kuma ya faɗa mata inda ta kauce. Da ƙananan suka tashi, ta ce, "Malam, sun tashi duka." Ya ce, "Alhamdulillahi. Ni ban gani ba, amma na ji a muryarki."

Malam Sharhabilu, mun gode. Ba a taɓa kiran sunanka a taro ba, ba a taɓa ba ka ko takardar yabo ba, amma akwai ma'aikatan jinya da malamai a Jigawa waɗanda a ɗakinka suka fara taɓa kibod. Allah ya jiƙan Ikilima, ya sa ta cece ku iyayenta, ya saka maka da hasken da ba ya dushewa.

Ku kuma masu tsofaffin kwamfutoci a sito, ku fito da su. Masu ilimin haɗa su, ku je ƙauye ku haɗa, ku koya wa wani kafin ku tafi. Wanda ba shi da ko ɗaya, akwai abin da zai iya. Hajiya Hauwa'u ta tambayi Malam me yake so a yi masa ranar sallama. Ya ce ba ya son taro, ba ya son kyauta. Roƙonsa ɗaya ne: duk shekara in sakamako ya fito, wani ya zo gida ya karanta masa sunayen yaran, a hankali, har da na waɗanda ba su ci ba, don ya san waɗanda zai yi wa addu'a.